Littafin jinyar Baƙo, ƙadangare mai gemu

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Yau bayan la'asar muka hawo da shi daga wajen maƙwabciyarmu ta bene na ƙasa. Ƙadangare ne mai gemu, irin wanda kantunan dabbobi na nan Birmingham, a Ingila, ke sayarwa da sunan bearded dragon, masana kuma suna ce masa Pogona vitticeps. Asalinsa busasshen yankin tsakiyar Ostareliya ne, amma waɗanda ke hannun jama'a a Turai a nan ake ƙyanƙyashe su, don Ostareliya ta daɗe da hana fitar da namun dajinta. Ɗan matar ne ya saye shi tun yana sakandare. Bara ya tafi jami'a a wani gari, ɗakin ɗalibai kuwa ba a shiga da dabba. Ita ko taɓa shi ba ta iyawa, sai dai ta zuba masa latas da tsutsa ta rufe. Ta ce kwanan nan ya daina ci gaba ɗaya, ta rasa yadda za ta yi.

A akwatin gilashi na kifi na same shi, tsawonsa santimita 60, alhali shi kansa 46 ne daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya. Yashin da aka shimfiɗa ya cakuɗe da kashinsa. Fitila guda ce a sama, ta ce tun ranar da aka sayo shi take nan, ba a taɓa canzawa ba tunda ba ta mutu ba. Ta kuma kai akwatin bakin taga da kyakkyawar niyya, wai don ya riƙa shan hantsi.

Na ɗora shi a sikeli: giram 212. Baligi lafiyayye mai wannan tsawo yakan haura 350. Ƙasusuwan ƙugunsa sun fito fili, gindin wutsiya da ya kamata ya cika da kitse ya shafe, idanu sun faɗa. Ba ya iya ɗaga ƙirjinsa daga ƙasa, jan ciki yake, yatsun ƙafafun gaba suna rawa su kaɗai. Da na taɓa muƙamuƙinsa na ƙasa a hankali sai na ji yana lanƙwasawa a ƙarƙashin yatsana. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Uwargida ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, ba dai tsaka ka kawo mana gida ba?" Na ce ko kusa, dangin ƙadangaren katanga ne, a lissafin masana ma zuri'a ɗaya suka fito. Ta ce to, amma da sharaɗi: ba ya shiga kicin, sikelin nan ya zama nasa, duk wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu da sabulu. Gaskiyarta, dabbobi masu jan ciki sukan ɗauki ƙwayar Salmonella a cikinsu ba tare da ta dame su ba. Babban ɗanmu ya sa masa suna Baƙo.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ranar kashe kuɗi. Na samu akwatin katako na hannu mai ƙofar gilashi, santimita 120 tsawo, 60 faɗi, 60 tsayi, wanda shi ne mafi ƙarancin girman da ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ke ba da shawara ga baligi. Fam 70. Doguwar fitilar UVB (wani ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani) mai ƙarfin kashi 12 cikin ɗari da mariƙinta, fam 48. Ƙwan zafi da soket, 16. Na'urar daidaita zafi, 42. Ma'aunin zafi biyu, 14. Jimla fam 190.

Na wanke akwatin tas, na shimfiɗa tishu maimakon yashi, don yashi yakan shiga ciki tare da abinci ya toshe hanji, a kan farar tishu kuma komai ya fito zan gani. Na ajiye falalen dutse a ƙarƙashin ƙwan zafin, na sa maɓoya a ɗaya ƙarshen. Ban sa reshe ko wani abin hawa ba, mai irin wannan ƙashi faɗuwa kaɗan ta isa ta karya shi. Zuwa magariba kan dutsen ya tsaya a digiri 40, ɓangaren sanyi 25. Abin da ake so ke nan, 38 zuwa 42 a wajen shan zafi, 22 zuwa 26 a ɗaya gefen, ya riƙa kai da komo yadda jikinsa ya buƙata.

Talata, 15 ga Oktoba

Mun ga likita. Ba kowane asibitin dabbobi ke karɓar masu jan ciki ba, sai da na yi cigiya na samu wadda ta ƙware a kansu, can ɗaya ƙarshen gari. Ta ɗauki hoton ƙashi ta nuna mini a kwamfuta. Ƙasusuwan ƙafafu da ya kamata su fito fari tas sun yi dishi-dishi, da ƙyar ake bambanta su da naman da ke kewaye, ƙashin baya kuma ya ɗan karkace wajen ƙugu. Ciwon laushin ƙashi ne, wanda ya fi kowane ciwo addabar waɗannan dabbobi a hannun masu kiwo.

Na rubuta bayanin yadda na fahimce shi, domin duk jinyar a kansa za ta tsaya. Idan hasken UVB ya sauka a fatarsa, jikinsa yana haɗa bitamin D3. Sai da D3 hanji ke iya tsotso kalsiyam daga abinci. In babu, jiki ba zai bar jini ya rasa kalsiyam ba, tunda zuciya da tsoka da shi suke aiki, sai ya shiga yagowa daga ƙashi. Wata da watanni ana yaga, har muƙamuƙi ya yi laushi, yatsu su kama rawa. Abubuwa biyu suka yaudari maƙwabciyata. Gilashin taga yana barin haske da ɗumi su wuce amma yana tare kusan dukkan UVB. Fitilar kuma tana ci gaba da haskawa bayan UVB ɗinta ya daɗe da ƙarewa, ido ba ya ganewa, shi ya sa masu ƙera ta suka ce a canza duk shekara. Ga abincin ma bai taimaka ba: latas kusan ruwa ne zalla, tsutsar nan kuwa fosforas ɗinta ya rinjayi kalsiyam nesa ba kusa ba.

Ƙadangaren gidanmu a Zariya da gari ya waye zai hau katanga ya baje jiki, babu wanda ya taɓa lissafa abin da rana ke ba shi. A nan duk wannan sai an saye shi a kanti, an auna, an sa masa agogo. Baƙo bai rasa mai tausayinsa ba, rana ya rasa. Ni kam laifin ya fi tafiya wajen duk wanda ya miƙa wa yaro ɗan sakandare wannan dabba da akwatin kifi, bai zaunar da shi ya gaya masa cewa halitta ce mai rayuwa shekara 10 zuwa 15, mai buƙatar sabuwar fitila kowace shekara ba. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin samar mata muhalli da abincin da suka dace, amma mutum ba ya yin abin da ba a sanar da shi ba.

Likita ta ba mu ruwan kalsiyam na baki, da garin abincin marasa lafiya da ake damawa a bayar da sirinji. Ta ja kunnena kan abu biyu. Kada in ɓare bakinsa da ƙarfi, muƙamuƙin zai iya karyewa, in ɗiga a kan hancinsa ya lasa da kansa. Kada kuma tausayi ya sa in cika masa ciki, dabbar da ta daɗe da yunwa abinci mai yawa farat ɗaya yana iya kashe ta. Ta kuma nuna mini tsohuwar saɓa da ta naɗe yatsu uku na ƙafar baya ta hagu, ta shaƙe su. Mun bar kashinsa a gwada. Ganin likita fam 65, hoto 110, gwaji 35, magani 18. Fam 228.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Yana lasar abin da na ɗiga, kaɗan-kaɗan. Yini guda a kan dutse, ido rufe.

Laraba, 23 ga Oktoba

Mako mai wuya. Ranar Asabar da safe na tarar ya amayar da abin da ya sha, da yamma kuma ya yi zawo mai wari da majina-majina a ciki, ya ɓata tishun da jikinsa duka. Farin ɓangaren da ke fita tare da kashi, wanda shi ne fitsarinsu, ya fito ruwan ɗorawa kuma da tauri, alamar ƙarancin ruwa a jiki. Gemunsa ya koma baƙi ƙirin ya ƙi washewa. Sikeli ya nuna 205. A daren Lahadi na daɗe zaune gaban akwatin ina kallon haƙarƙarinsa, in ga ko yana motsi.

Litinin sakamakon gwaji ya fito: ƙwayar koksidiya mai yawa, da ƙananan tsutsotsin ciki. Masu kiwon kaji a gida sun san danginta, ita ce ke sa 'yan tsaki kashin jini. Lafiyayyen ƙadangare yana iya zama da 'yar kaɗan bai damu ba, amma wanda ya rame, yana kwana cikin kashinsa, sake haɗiye ƙwayayen yake yi kullum suna ninkuwa. An ba mu maganin koksidiyar tukuna, na tsutsa sai ya ɗan murmure. Fam 24.

Maganin rabin aiki ne, sauran tsafta ce. Ƙwayayen ba sa jin yawancin magungunan wanke-wanke, zafi ke kashe su. Don haka da zarar ya yi kashi sai in kwashe tishun duka, in zuba wa dutsen da kwanonsa tafasasshen ruwa, in bari su huce su bushe kafin su koma. Lokacin da nake wajen aiki uwargida ke yi. Ban roƙe ta ba, na dawo ne na tarar ta sa safar hannu tana yi.

Na yi waya da Hajiya na ba ta labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai yaron nan, ƙadangare kuma?" Na ce Hajiya haka Allah ya kawo shi. Ta ce to tunda ya shigo hannunka haƙƙinsa yana wuyanka, ta tuna mini hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya. Na gyara na'urar kunna fitilu, awa 12 haske, 12 duhu. Zawo ya tsaya. Giram 209.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Yau ya ci fara da kansa, alhamdu lillahi.

Ana sayar da ita da rai a 'yan robobi, girma-girma. Ƙa'idar masu kiwo ita ce kada ƙwaro ya wuce faɗin da ke tsakanin idanun ƙadangaren, ni kuma saboda muƙamuƙinsa na sayi wadda ta fi haka ƙanƙanta. Tun jiya na ba farar ganye da kabewa ta ƙoshi, don abin da ke cikinta shi ne zai shiga cikinsa. Na jefa ta a leda da garin kalsiyam na girgiza ta yi fari fat, na ajiye masa a kan dutse. Ya karkata kai ya kafa mata ido ɗaya. Ya daɗe a haka. Sai ya ja jiki, ya harbo harshe, ya kuskure, harshen ya manne a dutse. Farar ta matsa, ya sake bi, ya sake kuskurewa. Can dai ya cafke ta ta ƙugu, ya shiga tauna a hankali, kan yana rawa, ƙafar farar tana leƙowa ta gefen baki, garin kalsiyam ya yi masa fari a leɓe. Ɗanmu ya ruga kicin yana kiran, "Umma, Umma, Baƙo ya ci!" Guda uku ya ci, na tsayar a nan.

Na lura in hannu ya zo masa ta sama yakan firgita ya kumbura gemu. Akwai wani ɗan tabo a tsakiyar kansa mai gane sauyin haske da inuwa, da shi suke ankara da shaho a daji. Yanzu ta gefe muke zuwa, mu zura tafin hannu ƙarƙashin cikinsa, ƙafafu huɗun duk su samu wurin zama.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Sanyi ya fara shigowa, da asuba akwatin ya sauka 16. Likita ta ce a halin da yake kada dare ya yi ƙasa da 20. Na sayi ƙwan yumɓu mai ba da zafi ba haske, da tasa na'urar daidaitawa, fam 47. Giram 221.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Mun rasa kan yatsa ɗaya. Tun ganin likita na farko nake jiƙa shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi, iya kafaɗarsa, na minti goma sha, sannan in shafa zoben saɓar da jiƙaƙƙiyar auduga. Ba a fizga, in ta ƙi a bar ta sai gobe. Yatsu biyu sun kuɓuta, sun bar ramin shaƙa amma jini yana gudana. Na ukun tun farko ya fi duhu. A makon nan ya bushe ya yi baƙi, sama da zoben kuma ya fara kumbura. Likita ta ce naman ya mutu, in aka bari ruɓar za ta hau ƙafa. Ta cire shi daga gaɓa, ta ba mu maganin zafi da na wanke ciwo. Fam 140.

Abin ya tsaya mini a rai. Waɗannan ba sa sake tsirar da wutsiya ko yatsa, abin da ya tafi ya tafi. Kuma duk wanda ya duba ƙafafunsa bayan kowace saɓa zai iya hana wannan cikin minti biyu.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ciwo a bushe, ba ruwa ba wari. Ya sha maganin tsutsa. Ganye dai har yanzu ko kallo bai ishe shi ba.

Talata, 26 ga Nuwamba

Gwaji na biyu, fam 35: koksidiya ta ragu ƙwarai, ba a ga ƙwan tsutsa ba. Giram 248. Rawar yatsu ta ɗauke tun makon jiya. Yau da safe na same shi a kan dutse ya miƙe ƙafafun gaba, ƙirji a sama, kai a ɗage, abin da ban taɓa gani ba tun zuwansa.

Jiya uwargida ta kira ni a wajen aiki hankali tashe, wai ya buɗe baki ya ƙi rufewa. Na tambaye ta ina yake, ta ce ƙarƙashin fitila. Akwai majina ko ƙara a numfashinsa? Babu. To wannan lafiya ce, in jikinsu ya kai zafin da suke so sukan hangame baki su rage, tunda ba sa gumi.

Yaƙin yanzu na ganye ne. Baligi ya kamata mafi yawan abincinsa ya zama ganye, ƙwari kaɗan, shi kuwa bai san wani ganye ba sai latas. Ina yanka roket (wani ganyen salak) da ganyen kabeji mai duhun kore ƙanana, in gurza kabewa a kai saboda launi yana jan idonsa, in saki fara a cikin kwanon. In ya kai wa fara cafka yakan haɗo da ganye. Alayyafon Turawa ba ya cikin jerin, akwai sinadarin da ke ɗaure kalsiyam a cikinsa. Uwargida ta kawo shawarar busasshen zogalen da aka aiko mana daga gida. Na tambayi likita, ta ce a barbaɗa kaɗan ba laifi, amma kada ya maye gurbin maganin da ta rubuta.

Talata, 10 ga Disamba

Guguwar da aka sa wa suna Darragh ta iso mana ranar Asabar, 7 ga wata. Da hantsi wutar layinmu ta ɗauke. Fitilu, ƙwan yumɓu, ɗumin gidan kansa, komai ya tsaya, ma'auni ya fara gangarowa. Allah ya sa murhunmu na gas ne, kuma ban riga na ba shi abinci ba. Zafin waje ne ke narkar musu da abinci, in jiki ya yi sanyi da cikakken ciki abincin ruɓewa yake a hanji. Na dafa ruwa na cika robar ɗumama gado, na naɗe ta da tawul ninki biyu don kada ta ƙone shi, na sa ta a gefe ɗaya na kwali, shi a tsakiya da wurin matsawa in ya ji zafi. Na rufa bargo na bar kafar iska, na zura ma'auni. Da ya yi ƙasa da 22 sai in sake ruwa. Wuta ta dawo bayan isha'i.

Tun daga nan ya ƙi ci. Ya shige maɓoya ya ƙi fitowa, gemu ya yi duhu. Abin da nake tsoro shi ne ya shiga kwanciyar hunturu, wadda sukan yi in rana ta gajarta, su kwanta makonni ba ci. Ga mai ƙiba ba komai ba ne, ga Baƙo da bai gama mayar da jiki ba hatsari ne. Likita ta ce in ƙara hasken zuwa awa 13, in riƙa fito da shi kan dutse kowace safiya, kalsiyam kuma kada ya tsaya. Giram 255, ya sauko daga 261.

Lahadi, 15 ga Disamba

Ya koma ci tun Alhamis. Yau ya tsinci kabewa daga kwano ba fara a ciki.

Asabar, 21 ga Disamba

Rana mafi gajarta a shekara, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Jinyar nan ta sa na duba abin da hukumar lafiya ta NHS ke faɗa game da mutane. Daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar nan ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa isasshen bitamin D, shi ya sa suke ba kowa shawarar shan maikrogiram 10 kullum a kaka da hunturu, masu baƙar fata irinmu kuma su duba yiwuwar sha duk shekara. Na sayo wa gidan duka, na kuma tura saƙon a zauren WhatsApp na 'yan gida da ke nan, musamman saboda waɗanda suka zo bana da ƙananan yara. Giram 276.

Asabar, 28 ga Disamba

Ɗan maƙwabciya ya zo hutu, ya hawo ganinsa. Ya daɗe a tsugune gaban akwatin. Na nuna masa hoton ƙashin da yatsan, na yi masa bayanin fitila, ya saurara da kyau. Ya ce ba shi da wurin ajiye shi sai ya gama karatu. Mun daidaita Baƙo ya zauna a nan, shi kuma ya ɗauki nauyin sabuwar fitila duk shekara.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Jiya muka koma asibiti. Giram 301. A sabon hoton ƙasusuwan ƙafafu sun fi fitowa, muƙamuƙi ya yi ƙwari, ba ya lanƙwasawa. Amma ya ƙafe a ɗan karkace, leɓen ƙasa bai haɗuwa da na sama daidai, karkatar baya ma tana nan. Likita ta ce waɗannan ba za su miƙe ba, ƙashi yana ƙarfafa ne a siffar da ya samu kansa. Saboda gefen bakin da ke buɗe zan riƙa duba dasashinsa ina goge ragowar abinci, kada ya kamu da ciwon baki. Gwajin kashi ya fito lafiya. Ganin likita da hoto 150, gwaji 35.

Jimlar kayan aiki da asibiti zuwa yau fam 849. Abinci yana cin kusan fam 7 a mako, wuta kuma a lissafina kamar fam 15 zuwa 18 a wata tunda aka ƙara ƙwan yumɓu.

Abin da ke gaba: an tsayar da ruwan kalsiyam, za mu koma gari a kan abinci, da garin bitamin sau ɗaya a mako. Fara za ta ragu zuwa sau uku a mako, ganye kullum. Ƙarshen wannan wata zan cire tishu in shimfiɗa tayil mai kaushi, ya riƙa rage masa farce, in kuma sa guntun kututture mai faɗi wanda bai wuce santimita 10 tsayi ba, mu ga yadda zai yi da hawa. Awo duk Asabar, burinmu 350 kafin Afrilu. In ya yi ƙasa mako biyu a jere, mu koma asibiti ba jira. Na rubuta 13 ga Oktoba a jikin mariƙin fitilar UVB da alƙalami mara gogewa, sabuwa za ta shiga farkon Oktoba mai zuwa in Allah ya kai mu. Idan zafi ya shigo wajen Yuni, ranar da ta haura digiri 22 a waje, zan fara fita da shi bayan gida cikin keji mai raga, rabi a rana rabi a inuwa, minti ashirin da farko, ina zaune kusa saboda kyanwoyin unguwa.